Ƙyalle Biyu a Kugu

Ɗan bautar ƙasa ne ya bar min ita
ran da zai koma garinsu:
ƙwallo mai tsini biyu, kamar gwanda,
da usur mai tsatsa, da takarda guda
da ya cika da layuka da 'yan kibiyoyi.
Ya ce, "Tela, yaran nan amanarka ne."
Ni da ko akuya ban taɓa kiwo ba.

Bayan la'asar nake lulluɓe keken ɗinki,
in tsallake kwata, in nufi filin firamare
nan bayan Ƙofar Marusa,
inda tumakin Baba Iro ke riga mu zuwa.
Mu kore su, mu ja layi da toka.
Su goma sha ɗaya ne, in Mannir ya dawo aike,
babu wanda wandonsa bai sha facina ba.

Tutocin ma ni na yanka:
ragowar shaddar angon bara,
gefen atamfar Hajiya Murja,
yadin makaranta da ya yi saura.
Kowa ya soke biyu a kugu,
sai ga kayan Sallar unguwa na tsere a fili,
masu kayan ba su sani ba.

Ran farko Sada ya dasa ta ƙasa, ya narka mata ƙafa,
ta yi tsalle hagu, ta dawo ta same shi a haɓa.
Na ce, "Wannan da hannu ake lallashinta.
Ɗora yatsu kan ɗinkin, sake ta tana juyi
kamar mazari a hannun kakarka."
'Yan teburin mai shayi suka kwashe da dariya:
"Abar da ba a bugawa, ai ba ƙwallo ce ba!"

Rabe ne ciwon kaina.
Ɗan mahauta, ƙirji kamar turmi,
ya saba kayar da rago shi kaɗai.
Duk wanda ya gifta da ƙwallo, sai ƙasa.
Na ce, "Rabe, ƙyallen kawai."
Ya ce, "Koci, in na kai hannu, jikin ne ke biyowa."
Sati uku ina sa shi zare zare
daga wuyan riga a rataye, kada rigar ta motsa.
Ya yi fushi, ya tafi, ya dawo, bai gaishe ni ba.

Ran Asabar 'yan Rafin Daɗi suka zo
da riguna iri ɗaya, har da lamba.
Muna gaba da maki ɗaya, rana ta yi ja,
sai wani ɗan firit nasu, siriri kamar tsinken tsire,
ya cafe ƙwallo, ya tsaga gefen layi.
Rabe kaɗai ya rage a gabansa.
Na ga kafaɗar ta sunkuya. Na san wannan sunkuyon.
Usur ya yi sanyi a bakina.
Sai ya miƙe, ya buɗe hannu. Yatsu biyu kawai.
Ƙyallen ya shafi tafinsa ya wuce,
yaron ya tsallake tokar, ko tuntuɓe bai yi ba.

Aka ci mu.
Mannir ya yi kuka, Sada ya ce alƙalin ɗan unguwarsu ne.
Mai shayi ya leƙo ta katanga: "Da ka bari ya make shi!"
Ni dai ina kallon Rabe
tsaye yana duba yatsunsa
kamar yau aka ba shi su,
bai san inda zai ajiye su ba.

Da daddare aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya,
na zube ƙyallayen kan tebur ina ƙirga.
Ɗaya ya ɓace, uku sun yage.
Ina laluben kafar allura sai ga inuwa a ƙofa,
da ƙullin balangu a takarda, yana naso.
"Baba ya ce a kawo maka.
Koci, gobe ƙarfe nawa?"
Na ce gobe babu, ɗinkin biki ya sha min kai.
Ya zauna kan benci, ya jawo almakashi,
ya ce, "To nuna min yadda ake yankan.
Waɗannan ba za su kai mu wata Asabar ba."